Warin fetur ya cika min Hilux, amma ba na ganin ɗigo a ƙasa

Manomin Kadawa

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sanin mota, don abin nan ya fara hana ni sukuni.

Ina da Hilux mai ƙofa huɗu, ƙirar 2010, mai shan fetur, injin 2.7. A hannu na saye ta. Da ita nake kai taki da iri gona a Kadawa, da ita nake fito da tumatir da albasa zuwa Kwanar Gafan, in na shigo gari kuma da ita nake kai yara makaranta. Tun wajen ƙarshen sanyi warin fetur ya fara shigowa cikin motar. Ba warin hayaƙin salansa ba ne, wannan na san shi. Ɗanyen fetur ne, irin wanda mutum ke ji in ya tsaya kusa da famfo a gidan mai.

Da farko jarkoki na zarga, saboda nakan ɗauko man injinan ban ruwa a bodi, wato bayan motar inda ake loda kaya. Na sauke su duka, na wanke bodin da omo, na fitar da shimfiɗun ƙafa na shanya su a rana. Warin yana nan.

Ga abin da na lura da shi. Ranar da na cika tanki ya fi tsanani, in allura ta sauka ƙasa da rabi sai ya yi sauƙi, wani lokacin ma ya ɗauke gaba ɗaya. In ina gudu a titin Zariya na ɗan sauke gilashi don iska ta shigo, maimakon ya ragu sai ya ƙaru. In na rufe gilasai na kunna AC yakan lafa. Kuma na kujerar baya ne ke fara ƙorafi. Ranar da na ɗauko Hajiya mahaifiyata, da mayafi ta toshe hanci har muka iso gida, ta kwana da ciwon kai. Wannan ne ya fi damuna.

Na ajiye motar a kan siminti ta kwana, da safe na leƙa ƙarƙashi, ko ɗigo ɗaya babu. Shan manta ma bai canza sosai ba. Abin da aka taɓa mata kawai shi ne famfon mai, ya mutu watannin baya aka sa sabo a wani gareji. Na koma wurin, sai aka ce min wai haka motar fetur take in ta kwana biyu, amma in ina so a wanke min nozul, wato bakunan da ke fesa wa injin mai, ko a canza su.

Daga ina zan fara? Kuma zan iya ci gaba da aiki da ita a haka? Tumatir ba ya jiran mutum.

Direban Gwari

Wa alaikumus salam Alhaji. Fara duba murfin tanki. Akwai roba zagaye a cikinsa, in ta bushe ta tsattsage tururi zai yi ta fita. Na sha wannan a tawa motar, murfi kawai na sayo a Kofar Ruwa warin ya ɗauke.

Sannan in kana sa yaron gidan mai ya ƙara matsawa bayan famfo ya katse da kansa, ko a girgiza mota don ta ƙara ɗauka, ka daina. Tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, duk wanda ya sami mai da ɗan rangwame so yake ya cika har wuya. Wannan ƙarin ba ya zama a tanki, bin ƙananan tiyo yake yi ya tafi inda bai kamata ba. Allah ya tsare.

Tsohon Bakanike

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ka yi bayani yadda ya kamata, da haka masu mota ke zuwa mana da rabin aikin ya ƙare kafin a ɗauki sifana.

Kada ka yarda da maganar cewa haka tsohuwar mota take. Motar fetur mai lafiya, ko ta shekara 30, ba ta wari a ciki. Duk inda ka ji warin, akwai ƙofar da mai ko tururinsa ke fita. Kuma kada ka bari a taɓa nozul tukuna. Abin da ka faɗa bai nuna can ba.

Dubi alamunka. Injin bai san ko tanki cike yake ko saura lita 10 ba. Famfo yana turo masa mai da ƙarfi ɗaya ne kullum, kusan bar 3 a ma'aunin matsi, wanda ya fi iskar da ake sa wa tayar ƙaramar mota. Saboda haka da a injin yake yoyo, ko a layin da ke kawo mai gaba, da warin bai damu da inda allura take ba. Tunda naka yana bin allura, yana tashi in an cika yana sauka in an sha, to ɓarakar tana sama da rabin tanki: ko a saman tankin inda famfo ke zaune, ko a babban tiyon da ya haɗa bakin zuba mai da tanki, ko a ƙaramin tiyon numfashi da ke gefensa. In tanki ya cika, mai yana taɓa wuraren nan, in ka shiga gargadar hanyar gona yana watsuwa yana dukansu. In ya sauka kuwa ba ya kaiwa.

Rashin ɗigo a ƙasa kada ya kwantar maka da hankali. Saman tanki yana da kwarmi-kwarmi, man da ya tsatso yana kwanciya a nan, kuma a zafin da muke ciki, da rana ke wuce digiri 40, ya bushe tun bai gangaro ba. Fetur kaɗan ya isa ya cika mota da wari, shi ya sa ba ka ga canji a shan mai ba.

Maganar gilashi ita ce ta fi gamsar da ni. Mutane da yawa ba su san cewa a bangon baya na gidan zama, bayan kujerar baya, akwai 'yan tagogin roba masu marfi ba. Aikinsu su fitar da iska in an rufe ƙofa ko fanka tana hurawa. Suna buɗewa ne cikin ratar da ke tsakanin gidan zama da bodi, tankinka kuma yana ƙarƙashin bodi, dab da wannan ratar. In kana gudu ka ɗan sauke gilashi, iskar da ke wucewa ta waje tana zuƙe ta ciki, motar kuma sai ta nemi cikewa ta kowace kafa. In marfin tagogin nan ya tsufa ko ƙura ta hana shi rufuwa, ta nan za ta jawo tururin. Dalilin da ya sa na baya ke fara ji ke nan. In ka rufe gilasai zuƙar ta tsaya.

To sai ka haɗa wannan da cewa an buɗe saman tankin watannin baya. Akwai roba da ke zama tsakanin famfo da bakin tanki. Ya kamata duk lokacin da aka cire famfo a sa sabuwa, amma a garejinmu sau da yawa tsohuwar ake mayarwa. Ta riga ta kumbura da mai, ba ta komawa mazauninta daidai, sai a danne ta a haka ko a shafa mata gam. Gam ɗin da ake shafa wa murfin injin ba ya jure fetur, narkewa yake yi. Zatona ya fi ƙarfi a nan. Amma zato ne, sai ido ya gani.

Ga yadda za ka bi, kuma yawancinsa kai da kanka za ka iya.

Fara da murfi kamar yadda Direban Gwari ya ce, tunda ba ya cin kuɗi ko lokaci. Sai dai ba na tsammanin shi kaɗai zai cika mota da wari irin wanda ka kwatanta.

Daga nan ka wanke injin daga zargi. Da sassafe, motar na sanyi, a fili ba cikin gareji ba, ka buɗe bonet ka tayar da ita, ka haska tocila a gindin kowane nozul da bututun ƙarfen da suke jere a jikinsa, da duk mahaɗar tiyo. Da sanyi za ka duba saboda robobin nozul suna tsukewa a lokacin, in za su yi yoyo a nan za ka kama su, in injin ya yi zafi kuwa man yana bushewa nan take. Sannan ka shiga ciki, gilasai a rufe, ka kunna fanka a kan iskar waje. Bakin da take jan iska yana gindin gilashin gaba. In wari ya biyo fanka, ka mayar da ita kan juya iskar ciki ya ɗauke, to akwai matsala a gaba. In bai biyo ba, ka bar gaba. Ka zaro sandar auna baƙin mai ma ka shinshina, in tana warin fetur wannan wata magana ce daban, ka dawo ka faɗa min.

Sai baya. Ka cika tanki, ka ɗan zaga kan hanya marar kyau, ka tsaya ka kashe. Ka leƙa ta ratar nan da ta cikin gidan tayar baya, da tocila da ɗan madubi. Ba jiƙa za ka nema ba, ƙura za ka karanta. Motar da ke shiga Kadawa ko'ina a ƙarƙashinta ƙura ce mai haske, amma inda mai ke tsatsowa za ka ga ta yi baƙi ta manne, ko ka ga wani layi da aka wanke tas ya gangaro ta gefen tanki. Ka matsa babban tiyon da hannu, musamman kusa da kilif, a nan yake tsagewa.

Game da ko za ka ci gaba da aiki da ita: in ka ga mai yana ɗiga, ko ka sami jiƙa a injin, kada ka sake tayar da ita, a ja ta. In a saman tanki ne, ka bar shi ƙasa da rabi ka kai ta gyara cikin kwanakin nan, ba bayan kakar tumatir ba. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, yana iya bin ƙasa ya tarar da wuta a nesa. Kada ka ajiye ta kusa da madafa ko janareta, kada wani ya leƙa maka ƙarƙashi da ashana ko layita ko sigari a baki. Ka tabbata abin kashe gobararka mai hoda ne kuma yana da caji. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, yaɗa ta yake yi.

Uwar Biyu

Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce, ban da abin cewa a kan tanki, amma ciwon kan Hajiya kada a ɗauke shi da wasa. Shaƙar tururin fetur a rufaffen wuri yana kawo ciwon kai da jiri da tashin zuciya, yana kuma sa barci, ga shi kai ne a kan sitiyari. Akwai sinadarin benzin a cikin fetur, wanda an tabbatar yawan shaƙarsa na tsawon lokaci yana jawo kansar jini. Don Allah ka nema wa yara wata hanyar zuwa makaranta har a gyara.

Kuma hanci yana sabawa. Kai da kake wuni a ciki za ka ji kamar ya ragu alhali yana nan. Ka riƙa tambayar wanda ya shigo sabo.

In za a zuƙe man tankin, kada a bar yaran gareji su ja tiyo da baki. Muna ganin irinsu. In fetur ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana ƙona shi, wani sai bayan awoyi numfashi zai fara yi masa wuya. Wanda ya haɗiya kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, a kai shi asibiti.

Rewaya

Baba Bakanike ya yi bayani, Allah ya ƙara girma. Amma da izininsa, ni ban cire gwangwanin gawayi daga lissafi ba. Motocin nan suna da wani gwangwani cike da gawayi, tururin tanki yana bin siririn tiyo ya shiga cikinsa, in injin na aiki sai wani bawul ya buɗe ya zuƙe tururin ya ƙone. An yi shi ne don tururi, ba don ruwan mai ba. Wanda ke cika tanki har wuya yana iya tura mai cikinsa, gawayin ya jiƙe, ya yi ta wari, kuma shi ma bayan an cika tanki yake tsananta. Na kuma sha ganin an cire tiyonsa an bar shi a buɗe, ko an toshe da kusa. In an toshe, tanki ba ya numfashi, zafi ya sa tururi ya taru ya nemi mafita ta wurin da ya fi rauni. Alhaji ka lura, in ka buɗe murfi da rana yana huci da ƙarfi na tsawon lokaci? Ɗan huci kaɗan ba komai ba ne.

Kada kuma ka kashe kuɗi a kan kwamfuta da fatan za ta nuna maka wurin. Motocin da aka ƙera don Amurka, irin su Tacoma da Tundra, suna gwada tankinsu da kansu, in akwai ɓaraka su kunna wutar gargaɗin injin da ke gaban direba su ba da lamba kamar P0442 ko P0455. Hilux ɗin da ake kawo mana galibi ba ta da wannan gwajin. Wutar gargaɗin ba za ta kunna ba ko da saman tankin a buɗe yake.

Abin da ya fi tsorata ni a labarinka shi ne wayoyin famfo. In sabon famfon soket ɗinsa bai yi daidai da na mota ba, wasu yanke waya suke yi su murɗa su naɗe da salatif. Fetur yana narkar da danƙon salatif. Waya tsirara a wurin da tururi ke taruwa, ka san abin da zai biyo baya. In an buɗe, ka sa ido a kan wannan, kuma a cire kan batir kafin a taɓa komai.

Manomin Kadawa

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Hajiya Uwar Biyu, yara sun koma Adaidaita tun ranar da na karanta saƙonki.

Na bi yadda Baba ya tsara. Robar murfi lafiyarta ƙalau. Injin a bushe yake, fanka ba ta jawo wari, baƙin mai ma ba ya warin fetur. Murfi yana ɗan huci kaɗan ne ya tsaya. Da na cika tanki na zaga na leƙa ta gidan taya, sai ga baƙar ƙura ta manne a saman tankin, ga layi ya gangaro ta gefe, kamar yadda aka kwatanta.

Na bari mai ya sauka na kai ta wani gareji daban, na tsaya a kai. Suka kwance bodin suka ɗaga. Robar famfon ta fita daga mazauninta ta gefe ɗaya, an danne ta ta tsinke, an cike wurin da jan gam wanda ya zama kamar majina. Ƙaramin tiyon numfashi shi ma ya tsage a bakin kilif. Malam Rewaya, maganarka ta tabbata: wayoyi biyu a murɗe, salatif ɗin ya saki yana reto. Da na gani sai da gabana ya faɗi, don a kan wannan nake ɗaukar iyali.

Yanzu motar tana can a buɗe, ina da tambaya biyu. Mai kayan gyara ya nuna min baƙin tiyo da yake yankawa a sayar, ya ce duk ɗaya ne. In saya? Sannan wani a garejin ya ba da shawarar a yanka 'yar taga a ƙasan bodi daidai saitin famfo, don gaba in ya sake mutuwa ba sai an ɗaga bodi ba.

Tsohon Bakanike

Alhamdu lillahi da aka gani kafin ya zama wani abu.

Tiyo ba duk ɗaya ba ne. Na ruwan lagireto da na iska baƙaƙe ne su ma, amma fetur yana kumbura su su yi laushi su fashe. Ka karanta rubutun da ke jikinsa. Na mai za ka ga an buga SAE J30, sai lamba ta biyo. R7 na wurin da babu matsi sosai ne, ya isa tiyon numfashi. R9 shi ne na layin da famfo ke turawa da ƙarfi. In akwai guntun tiyo a cikin tankin kansa, wanda ke nutse a mai, R10 ake sa masa, sauran ba sa jure jiƙa ta waje. Wanda babu rubutu a jikinsa ka bar masa kayansa. Tunda bodi na sama, ka duba babban tiyon zuba mai da kyau, in ya fara tauri ka canza shi yanzu, kuma shi a nemo nasa na asali don a lanƙwashe aka ƙera shi. A sa sabon kilif, ba waya ba.

Robar famfo a sayo sabuwa ta wannan ƙirar, a goge bakin tanki tas, kada ɓurɓushin gam ya faɗa ciki ya toshe rariyar famfo. Babu gam ko kaɗan. In notuna ne ke riƙe da famfon, a ɗaure su kaɗan-kaɗan ana tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, in zobe mai zare ne a tabbata bai hau a karkace ba. Wayoyin a sa musu soket na gaskiya, aikin rewaya ne wannan.

Tagar bodi ban yarda da ita ba. Kai mai ɗaukar taki ne, taki kuma yana cin ƙarfe. Ruwan tumatir da na wanki da garin taki duk za su riƙa zuba kai tsaye a kan famfo da wayoyinsa. Ga kuma yankan kansa: injin yanka yana feshin tartsatsi, a saman tankin da ke cike da tururi. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari a wurin wuta, don haka ko walda kada a kawo kusa da shi.

Kafin a mayar da bodi, a kawo mai a jarka a cika tankin, a tayar da motar, a barbaɗa hoda a kewayen robar da bakin kowane tiyo, a girgiza ta a jira. In hodar ta zauna fara, a rufe. Ka sa a leƙa tagogin robar nan na bangon baya tunda yanzu hannu na kai musu, a wanke ƙurar, wanda marfinsa ya karye a canza. Soson kujeru zai riƙe wari na 'yan kwanaki, ka bar ƙofofi a buɗe a inuwa. In mako ya wuce, ka cika tanki ka sake jin sa, to sai a koma kan gwangwanin gawayin da Rewaya ya ambata.